Maharazu da Haddar Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa bi ta bayan tashar motar Illela ya san ƙofar gidan Maharazu. Ƙofa ce ta ƙarfe, koriya mai ratsin ruwan zinariya, tsawonta har raƙumi ya shige da kayansa bai rusuna ba. Abin da ya rage mata kawai katanga. Tana tsaye ita kaɗai a fili, awaki na bi ta gefenta suna shiga suna fita, amma Maharazu bai taɓa barin gida bai datse ta da kwaɗo ba. Baƙon da ya kuskura ya bi hanyar awaki, sai an mayar da shi waje ya sake sallama ta ƙofa kamar mutumin kirki.

Wanda ya ga ƙofar nan ya ga mai ita. A duk danginmu babu wanda ya kai Maharazu iya fara abu. Tsofaffi sun ce ranar da aka haife shi ya ɓarke da kukan da ya tsinka igiyar jakuna a kasuwa, ungozoma har ta fara cewa an samu ladani, sai ya tsaya a tsakiya ya yi barci. Har yau bai ƙarasa kukan nan ba.

An kai shi koyon ɗinki. A gwada mutum babu kamarsa: tef a wuya, alli a kunne, yana juya ka yana girgiza kai kamar likita. Da Sallah ta zo, wani dattijo ya tafi idi da riga mai hannu ɗaya. Ya koma noman albasa a fadamar Amarawa, ya yi dashe layi-layi har manoma na tsayawa kallo, daga nan bai sake tunawa cewa albasa na shan ruwa ba. Ya ɗauki Faransanci don harkar tsallaken iyaka. Idan ya gaida jandarma a hanyar Ƙwanni, sai jandarman ya gyara tsayuwa yana zaton wani babba ne daga Yamai ya ɓad da kama. Da zarar gaisuwa ta ƙare aka tambaye shi abin da ke cikin buhu, sai ya koma tari.

Auren ma shi ya fara, matarsa Hindatu ce ta ƙarasa. Da ta ga zance ya ƙi wuce tambayar lafiyar mutanen gida, ita ta aika masa cewa ya turo manyansa ko ya ba wasu wuri.

A ƙarshe Allah ya haɗa shi da sana'ar da aka halitta dominsa. Ya kafa shagon cajin waya kusa da tasha, da farantin sola a kan rufi. Aikin duka farawa ne: ka soka wa waya igiya, ita za ta cika kanta. Nan ya zauna, ya yi tumbi, 'yarsu Latifa ta girma, kowa ya ɗauka labarinsa ya tsaya a nan.

Sai wani direban tirela ya bar masa wata waya ya ce zai dawo, bai dawo ba. Faffaɗa ce kamar murfin kwano, fuskarta a tsage, ta tsufa har ba ta kama intanet. Maharazu ya ce amana ce, ya ɗinka mata riga, yana kiranta baƙuwarsa. A cikinta ya tarar da darar Turawa, wadda 'yan boko ke kira ces, mutanen tsallaken iyaka kuma su ce eshek. Runduna biyu ce, fara da baƙa, kuma a ƙa'ida fara ke soma tafiya. Babu wanda ya koya masa sunayen 'ya'yan, don haka ya raɗa musu nasa. Akwai sarki da magajiya, akwai liman mai tafiya a karkace, akwai rumbu a kowane lungu, da talakawa a sahun gaba waɗanda aikinsu a cinye su. Mai kan doki kuwa jaki ya kira shi, don ba ya tafiya inda hankali ya ce. Idan ka taɓa ɗa, wayar za ta haska maka gidajen da zai iya shiga. Wanda ya toshe wa sarkin wani duk hanyar gudu, shi ya ci.

Wayar ta yi ta dukansa kamar ta kama ɓarawon akuya. Ya daina jin sallamar masu karɓar waya. Wata rana Hindatu ta kawo masa abinci da kanta don ta ga abin da ya sace mata miji.

"Baban Latifa, wai mi kaka kallo cikin abin ga tun sahe?"

"Yaƙi nika yi."

"Da wa?"

"Da Turawa."

"To, in ka ƙare da su ka biyo ta kasuwa. Hatsi ma sun ƙare."

Amma a cikin shan dukan nan ya lura da wani abu, kuma ba don komai ya lura ba sai don abin ya faɗo a fanninsa. A farkon wasa, kafin ya ɗauke yatsa wayar ta amsa. Ba ta jinkiri ko na ƙiftawar ido. Sai an yi nisa wani ɗan da'ira ya bayyana yana juyawa, alamar ta fara tunani. Maharazu ya buga cinya. Ashe gaisuwa ce. Ina kwana, lafiya lau, ya gajiya, ba gajiya. Wa ke tunani kafin ya amsa wannan? Wayar hadda gare ta, an cusa mata yadda ake buɗe wasa, kuma wannan tsohuwar in ka yi mata gaisuwa iri ɗaya sau dubu, amsa ɗaya za ta ba ka sau dubu. Ko tunanin nata ma haka yake, tambaya ɗaya amsa ɗaya.

Ga kuma wani maɓalli a ƙasa mai mayar da tafiya baya. Duk wanda ya ƙirƙiro shi, Maharazu ya sa masa albarka fiye da yadda ya sa wa wanda ya ƙirƙiro sola. In an cinye masa ɗa, sai ya koma baya ya gwada wata hanya. Haka ya cinye damina guda, har ya gano wani rami a cikin haddar: akwai inda wayar ke turo magajiyarta da gudu ta cinye wani talaka a gefe, ba ta ko duba abin da ke bayansa ba, sai jakinsa ya yi tsalle ya rufe mata hanyar komawa. Daga nan ya bi sauran da maɓallin albarka, taki bayan taki, har ranar da sarkin wayar ya rasa inda zai sa kansa. Ya sake bi, ta sake faɗawa. Ya haddace hanyar tun daga bismilla har amin.

Ranar Lahadi, ranar da kasuwa ke ci, ya fara nuna wa jama'a. Kuma a nan ne za ka san baiwa. Tafiyar da yatsansa ya sani ko cikin barci, sai ya dafe haɓa a kanta, ya lumshe ido, ya yi ajiyar zuciya, ya ce a miƙo masa shayi don kansa ya ɗauki zafi. In magajiyar wayar ta faɗa ramin, sai ya juyo ya dubi mutane a hankali, ya ce, "Kwaɗayi." 'Yan kamasho da masu canjin sefa da masu turin baro, babu wanda ya san jaki daga liman, amma kowa ya ga rubutun da ke fitowa a ƙarshe, kuma kowa ya ji ɗan kiɗan da wayar ke yi in an ci ta.

Ya sa Idi mai fenti ya yi masa allo wanda ya fi shagon faɗi. A sama MAHARAZU CAJI, a ƙasa da jan fenti YA KAYAR DA KWAMFUTA. Wani ya ce ai waya ce ba kwamfuta ba. Maharazu ya ce kwamfutar na ciki, kamar yadda ƙwaƙwalwa ke cikin kai, ga wanda ke da ita.

A yi dariya yadda ake so, amma allon nan ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Tun da ya zo duniya, wannan ne abu na farko da ya ɗauko daga kai ya kai shi wutsiya. Ranar da aka kafa allon, Hindatu ta dawo daga unguwa, ta tsaya, ta dubi hanyar awaki da ta saba bi, sannan ta tura koriyar ƙofa ta shiga ta cikinta. Maharazu na daga nesa yana gani. Ranar kyauta ya yi wa mutum biyu caji.

Ana nan sai wata Lahadi Malam Abdulmalik ya tsaya cajin waya. Malamin lakwal ne, wato makarantar boko ta Faransanci, daga Ƙwanni a tsallaken iyaka, siriri mai tabarau, ya san wasan tun yana ɗalibi. Ya karanta allon, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa.

"Maigida, wanga allo da gaske na?"

"Zauna ka gani, Malam."

Ya zauna ya gani. Ya ce a sake, aka sake. Da aka zo wurin "Kwaɗayi", sai Malam Abdulmalik ya riga shi faɗa. Jama'a suka yi dariya, Maharazu bai yi ba.

Malamin ya juya ga mutane ya yi musu bayani irin na aji. Ya ce masu ƙera irin wannan wasa kan tara yadda gwanayen duniya suka saba buɗe wasanninsu, su zuba wa inji, don kada ya ɓata lokaci a farko yana lalube. Yawanci hakan ƙarfi yake ƙara masa. Amma muddin yana cikin haddar nan ba ya duban abin da ke gabansa, bi kawai yake yi. In wanda ya zuba masa ya yi kuskure a wuri ɗaya, zai yi ta faɗawa ramin har batirinsa ya mutu. Ya ce akwai inda ake kashe haddar, a bar injin da tunaninsa tun daga tafiyar farko.

"Ba ni in taɓa wuri guda," in ji shi, "sannan ka kada ta. In ka yi, ni da hannuna zan rubuta maka shi da Faransanci ƙarƙashin na Hausa. In ta kada ka, kai da hannunka ka goge."

Maharazu ya gyara zama ya ce, "Na yarda da rubutu, na yarda da gogewa. Taɓawa ce ban yarda ba. Amanar mutane ce. Ba mai sa mata yatsa sai ni."

Masu canjin sefa suka goya masa baya. Suka ce sun san taɓawar mutanen Ƙwanni, in sun taɓa sikeli ma sai buhu ya rame. Aka yi ta shewa har malamin ya ga ya riga ya yi alkawari a gaban jama'a, ya ce to, Lahadi mai zuwa, ba zai taɓa komai ba. Ya tafi yana cizon yatsa, don ya san ramin na nan inda yake. Maharazu kuwa ya aika wa Idi cewa ya auna wurin da Faransanci zai zauna.

Labari ya kai Gidan Katta, ya kai Darna. Ranar Lahadi gaban shagon ya cika har masu babur na zagayawa ta bayan tasha. Malam Abdulmalik ya iso da ɗan gwangwanin fenti da buroshi a leda, kamar mai zuwa biyan tara. Maharazu ya sha babbar riga. Kuma da yake buɗe taro fanninsa ne, bai yarda a tafi kai tsaye ga wasa ba. Ya sa an shimfiɗa tabarmi, an kawo fura a babbar ƙwarya, ya miƙe ya yi jawabi a kan girmama baƙo wanda ya fi huɗubar Juma'a tsawo. Ya ce a Illela ba a taɓa jin maigida ya riga baƙonsa sa hannu a kwano ba. Ya miƙa wa malamin ludayi da hannu biyu, ya rantse ba zai kurɓa ba sai baƙo ya fara.

A gefen tabarma akwai Baffa Jaɓɓo, wani dattijon Bafulatani da ke zuwa kasuwar shanu duk mako yana barin 'yar wayarsa a shagon. Bai san komai a kan wasan ba, bai kuma damu ya sani ba. Amma ya sha kallon Maharazu yana yi, kuma mutum ne da ba ya barin rashin ta ido ya wuce ta gabansa. Da aka ɗauko faffaɗar wayar aka cire mata riga, Maharazu ya ɗaga yatsa zai tura talakansa na farko, sai dattijon ya ɗora sandarsa a kan tabarma.

"Dakata, kaɗo. Wagga waya, ba ita kaka kira baƙuwarka ba?"

"Ita ce, Baffa."

"To ni tun da nika zama nan, kullum kai ka hwara tahiya. Ban taɓa ganin ka ce mata bismilla ba. Yanzu ka gama gaya muna yadda aka yi wa baƙo."

Jama'a suka fara gyaɗa kai.

"Baffa, ai inji ce," in ji Maharazu. "Ba ta san wannan ba. Ko abinci ba ta ci."

"Wutar da kaka ba ta kullum hwa?"

Aka fashe da dariya. Wani daga baya ya ce gaskiyar Baffa, a bar baƙuwa ta fara. Wani ya ce wanda ya kayar da kwamfuta ai ko ta ina aka fara kayarwa zai yi. Maharazu ya dubi Malam Abdulmalik, wai ko zai ce ƙa'ida ta hana. Malamin ya sa hannuwansa biyu a baya.

"Ni dai ban taɓa komi ba," in ji shi. "Kuma ba mai sa mata yatsa sai kai."

Da zai iya cewa a'a. Sai dai furar na nan a ƙwarya, ludayin na hannun baƙo, jawabinsa bai gama fita daga kunnen mutane ba. Maharazu zai iya jure a ce bai iya wasa ba, amma a ce bai iya karɓar baƙo ba, a gaban mutanen Darna, wannan ya fi ƙarfinsa. Da yatsansa ya nemo inda ake sauya runduna. Allon wasan ya juya, baƙaƙen 'ya'ya suka dawo gabansa, sarki ya koma inda magajiya take zama. Sai ya ji kamar ya shiga ɗakinsa ya tarar an juya gado.

Wayar ta turo talakanta nan take. Maharazu ya dafe haɓa, kuma a karo na farko dafewar ta gaskiya ce. Babu abin da ya zo. Yatsansa, da bai san wata hanya ba sai guda, ya tafi da kansa ya yi tafiyar da ya saba. Wayar ta amsa kafin ya ɗauke hannu. Ya yi ta biyu a haddarsa, ta amsa. Ita tana cikin gaisuwarta, shi kuma yana amsa gaisuwar wani gari. Ya tura jaki ya je ya tsare ramin da babu kowa a bakinsa. Limaminta ya fito a karkace ya tsaya. Magajiyarta ta fito, ba da gudun kwaɗayi ba wannan karon. Ɗan da'irar nan na tunani ko sau ɗaya bai bayyana ba.

Yatsansa ya gangara wajen maɓallin albarka.

"Wancan na mi ne?" in ji Baffa Jaɓɓo.

"Ba komi, Baffa. Ƙura nika sharewa."

Shayin da ya ce a kawo don kansa ya ɗauki zafi bai kai ga hucewa ba magajiyar ta sauka kusa da sarkinsa, liman na tsare mata baya. Wayar ta yi wani kiɗa da mutanen Illela ba su taɓa ji ba. Wani mai turin baro ya tambaya ko an fara ne. Aka ce masa an gama.

Malam Abdulmalik ya ajiye gwangwanin fenti da buroshi a gaban Maharazu, a hankali, kamar mai ajiye goron gaisuwa.

"Kada ka damu, maigida. Kai da ita duk hadda kunka yi. Ita dai in tata ta ƙare, tana da abin da taka ci gaba da shi."

Baffa Jaɓɓo ya karɓi 'yar wayarsa, ya ce fura ta yi daɗi, ya tafi wajen shanunsa bai san ya yi wani abu ba.

A faɗi gaskiya, Maharazu bai gudu daga alkawari ba. Washegari ya ce fentin malamin bai kai darajar aikin ba, ya sayo wanda ya fi shi. Ya aro tsani. Ya ɗaura ƙyalle a ka, ya naɗe hannun riga, ya sa an riƙe masa tsanin ta ɓangare biyu, ya yi bismilla da ƙarfi, ya fara daga farko kamar yadda ya dace. Ya shafe layin sama, shafa mai kyau, sumul, babu ɗigo ko ɗaya, har Idi mai fenti ya tsaya yana cewa da ya samu yaro irin wannan da ya huta. Sai aka kira azahar. Ya sauko. Bayan salla wani ya kawo waya, bayan wannan mai tsani ya aiko a ba shi tsaninsa.

Da ya koma gida, Hindatu na tsakar gida tana tankaɗe.

"Baban Latifa, ka goge?"

"Na hwara."

Ta kakkaɓe zaninta, ta ɗauki ƙwarya za ta maƙwabta, ta bi ta hanyar awaki.

Allon na nan har yanzu. Sama fari fat, babu Maharazu babu caji, ƙasa kuma da jan fenti YA KAYAR DA KWAMFUTA. Baƙi kan tsaya su tambaya wa ya kayar. Mai shayin gefe kan ce shi da kansa ne, in ya ga mai tambayar zai sha da madara. Amma yawancin mutanen tasha Baffa Jaɓɓo suke nunawa, mutumin da in wayarsa ta yi ƙara sai ya miƙa wa na kusa ya danna masa. Maharazu na ciki yana jin su. Ya ce ya ɗauki haddar baƙar runduna, kuma wanda ya gani ya ce tafiyarsa ta farko babu irinta daga nan har Sakkwato.